Cindon Malam Gazali

Malam Gazali taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da ikon yin fushi. Shi malamin bayoloji ne a wata sakandaren gwamnati a Tambuwal, ni kuma hatsi nake sayarwa a kasuwar Kebbe, Ladan mai hatsi ake ce mini. Ɗaki ɗaya muka tashi, tabarma ɗaya muka kwanta. Na fi kowa sanin cewa mutumin da ke koya wa 'ya'yan mutane abin da suka gado daga iyayensu ya doshi shekara arba'in bai taɓa jin mahaifiyarsa ta ce shi nata ne ba. Abin da yake so ke nan a duniya, kuma bai iya roƙonsa.

Ba ƙiyayya ba ce, kada a ɗauki alhakin matar. Shi ne ɗanta na fari. A Jabo aka haife shi, gidan kawuna Malami, manomin gero mai 'yan shanu a bayan gida. Mahaifiyarsa Atu 'yar Sanyinna ce, daga irin gidajen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka sai wata ta miƙa mata shi a ɗaki. Ana yaye shi aka ɗauko shi aka kawo wa mahaifiyata Saudatu riƙo a Kebbe. Inna nake ce mata, shi ma ya tashi yana ce mata Inna, kuma bai san da wata uwa ba sai da ya shiga firamare. Wata tsohuwa ce marar riƙe baki ta nuna masa Atu a wurin biki ta ce ga wadda ta haife shi nan. Ya juya ya kalle ta, ita kuwa ta tashi ta shige ɗaki.

Daga nan duk Sallah ana kai mu Jabo gaisuwa. Gazali zai durƙusa a bakin ƙofarta, kai a ƙasa, ya gaishe ta. Ita za ta juya fuska wajen bango, hannuwa cikin mayafi, ta amsa a taƙaice. Ni kuwa in na shiga sai hira ta ɓarke, ta tambaye ni Inna, ta tambaye ni makarantar allo, ta cika mini aljihu da gyaɗa. Sannan ta ce, "A ba mutumin Kebbe nashi." Sunan da ta sa masa ke nan, mutumin Kebbe. Na lura nasa kason ya fi nawa yawa kullum, na kuma yi ta mita a hanya, amma shi gyaɗar ba ta gabansa.

A gefen hannayensa biyu, gindin ƙaramin yatsa, akwai wani ɗan tudu kamar ƙwayar dawa. Da cindo aka haife shi, wato ɗan yatsa na shida. Kamar yadda aka saba, wanzami ya zo tun kafin suna ya ɗaure shi da zare, ya bushe ya faɗi, ranar suna baƙi suka ga jariri da yatsu biyar-biyar kamar kowa. A danginmu babu mai cindo, don haka sai da tsofaffi suka nemo dalili. Suka ce lokacin da Atu ke da ciki ta ga wani mai cindo a kasuwar Sanyinna ta yi masa dariya. Wannan labari ya zauna daram, ana maimaita shi duk lokacin da mata suka taru suka rasa abin hira. Atu ba ta taɓa cewa haka ne ba, ba ta taɓa musawa ba, domin musawar ma magana ce a kan ɗan fari.

Karatu ya karɓi Gazali, ni bai karɓe ni ba, muka rabu lafiya. Ya je kwalejin horon malamai a Sakkwato, ya dawo da takarda da tabarau, aka tura shi koyarwa nan Kebbe kafin daga baya a mayar da shi Tambuwal. A lokacin ina kai wa makarantarsu dawa, in na sauke buhuna sai in tsaya bakin tagar ajinsa in ga me ake biyansa albashi a kai.

Ba ya fara darasin gado da littafi. Sai ya sa yara su juya su kalli juna. Wa ke da wushirya, wa kumatunsa ke loɓawa in ya yi murmushi, wa fatar kunnensa ta ƙasa ke lilo, wa tasa ke manne, wa ke iya naɗe harshe, wane ne bahago. Aji ya kaure da dariya, manyan 'yan mata suna zaro harshe suna rufe fuska da hijabi. In sun lafa sai ya fito da ƙorai biyu, ya ce wannan uba ce, wannan uwa, kowace da wake fari da ja a ciki.

"Kowane ɗayanku ƙwaya biyu-biyu shika ɗauke da ita a kan kowace siffa," in ji shi. "Ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ba ka zaɓa ba, su ma ba su zaɓa ba. Rufe ido ka ɗauko."

Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya nan, ɗaya can. Gazali ya bayyana musu cewa wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ta zo sai ta nuna kanta a jiki. Wata kuma mai laɓewa ce, tana iya zama cikin dangi shekara da shekaru ba wanda ya sani, sai ranar da ta gamu da 'yar'uwarta. Da wannan waken yake nuna musu yadda uba lafiyayye da uwa lafiyayya ke haifar ɗa mai sikila ba tare da kowa ya yi wa kowa asiri ba. Yakan kuma gargaɗe su cewa wushirya da harshe ba kullum suke bin lissafin wake ba, na farko ne kawai don ido ya buɗe. Ni dai na ce masa asarar wake ce, ya ce ai daga buhuna ya ɗiba.

A shekararsa ta farko ya yi wani kuskure da ya daɗe yana ba ni dariya. Ya ce kowa ya je gida ya duba innarsa da babansa ya zo ya faɗa wa aji abin da ya gani. Washegari amsoshi suka zo ba kai ba gindi. Wani yaro ɗan shekara sha huɗu ya ce bai samu duba wushirya ba, don innarsa ba ta da haƙori ko ɗaya. Da aka bi diddigi, kakarsa ce. Wata yarinya ta kwatanta goggonta tsaf, ta ce ba su yi kama ko a farce ba. Kusan rabin ajin 'yan riƙo ne, wadda suke kira Inna daban, wadda ta haife su daban, wasu ma Yaya suke ce mata. Mutumin da ya fi kowa sanin wannan a garin shi ne ya manta da shi, saboda littafin da ya karanta bai san riƙo ba.

Ya gyara tambayar, ya koma cewa a duba wadda ta ɗauki cikinka. Sai wata yarinya mai suna Sharifa ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ɗiyar fari ta. Ta ina zan kalli bakinta?"

Aji ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce duk ɗan fari an ɗauke masa wannan aiki, ya je ya duba ƙannensa ya wadatar. Har yau haka yake yi.

In ya zo misalin ƙwaya mai rinjaye, nasa hannun yake ɗagawa. Ya zagaya aji yana nuna musu ɗan tudun nan, ya ce yawanci duk mai cindo, in aka duba da kyau, za a tarar ɗaya daga iyayensa da shi ya zo, sai dai zaren wanzami ya riga ya share shaida. Kuma duk shekara, kamar an aiko su, sai an sami wanda zai tambaya.

"To Malam, kai daga wa kag gado?"

Sai ya duba agogo, ya ce lokaci ya ƙure, ko ya ce a buɗe littafi. Sau biyu ina bakin taga ina ganin haka.

Ba wai bai san amsar ba. Hannun kawu Malami ya sha dubawa a gona da wurin cin tuwo, sumul yake. Ƙannensa da Atu ta haifa bayansa ba wanda ya zo da cindo. Iyayenta sun rasu tun kafin mu yi wayo, kuma hannunta kullum cikin mayafi yake in yana wurin, in ba ya nan kuma lalle da kaushin aiki sun rufe shi, ba mai dalilin ƙura masa ido. Wata rana muna kan babur za mu Jabo na ce masa ya bar mini aikin. Ni ba kunya tsakanina da matar kawuna, zan kama hannun in juya shi in duba, in fito in gaya masa kafin ya gama alwala.

Ya tsayar da babur a gefen hanya.

"Kada ka soma, Ladan. Lissafi ya ba ni amsa tun ina kwaleji. Ba hannun nika son gani ba."

Na ce to me yake so, ya tada babur muka ci gaba. Ban sake tayar da maganar ba, ko da yake ta sha zuwa mini baki.

Ya yi iya ƙoƙarinsa ta hanyar da ɗa zai iya. Ya sake mata rufin ɗaki da kwano. Ya saya mata waya, in ya kira sai ta miƙa wa ƙanwarsa ta ce a ji abin da mutumin Kebbe ke so. Da kawu Malami ya rasu na ga ya sa rai, yana ganin ko mutuwa za ta sassauta abin. Bayan addu'ar bakwai ya durƙusa a ƙofarta zai yi sallama, ta ce wa bango, "A gaya ma mutumin Kebbe shi riƙe ƙannenai da kyau." Ya ce to. Muka kama hanyar Tambuwal. Na ji tausayinsa ranar, na kuma ji haushin matar, duk da na san yadda aka rene ta ke nan. Ga shi tsufa ya fara kama ta, ƙafa ta fara ciwo, kowa na ganin lokaci ba zai jira su ba.

Bai yi aure da wuri ba. Da ya tashi, ya nemi Mu'minatu, malamar firamare 'yar Tambuwal, kuma sai da ya ja ta asibiti aka gwada jininsu kafin a kai gaisuwa, abin da ya sa danginta suka daɗe suna kiransa likitan wake. Haihuwa ta yi musu jinkiri wasu shekaru. Da ta zo, namiji ne, da cindo a hannu biyu, 'yan ƙanana suna lilo.

Wanzami ya iso da zarensa kamar yadda wani ya iso wa Gazali yana jariri. Gazali ya tare shi a zaure, ya ce aski kawai zai yi ranar suna, yatsa kuwa likita ya ce a bari yaro ya ɗan yi ƙwari a kawo shi a cire a asibiti. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an tara jama'a an nuna musu jariri da yatsa goma sha biyu ba, abin da ake rufewa tun kafin baƙi su zo. Gazali ya ba ta haƙuri, amma bai janye ba. Taurin kan nan dai ban san ko daga wace ƙwarya ya ɗauko shi ba.

Saboda haka ranar suna yaron ya fito da abinsa, kowa ya gani. An raɗa masa suna Ubaidullahi da safe a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, maza suka watse. Ni ina tsakar gida ina taya mahauci fiɗar rago. Atu ta zo daga Jabo tun ana gobe suna, kuma ita aka miƙa wa jaririn don aski, tunda ita ce kakar wajen uba. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa ta kwantar da shi, wanzami ya durƙusa da askarsa. Gazali ya tsaya jikin dalbejiya nesa kaɗan, a ce wai rago yake kallo, alhali wanzami yake gadi kada zaren ya fito daga zabira.

Mata sun zagaye tabarmar, kuma ka san yadda dangin uwa da dangin uba suke yi a kan jariri. Hanci namu ne, goshi naku ne, baƙin kuma ba mu san inda aka samo shi ba. Wata goggon Mu'minatu ta kama ɗan hannun ta ɗaga.

"Wanga dai ba namu na ba. Mu biyar-biyar muke tun kakanni."

Aka ce ai na uban ne, kowa ya sani. Ta ce to shi uban ina ya samo. Nan Inna ta gyara zama, don an zo wurin da ta fi gwaninta, ta fara labarin kasuwar Sanyinna da mai cindo da dariyar mai ciki. Ta ƙara masa gishiri yadda ta saba, mata suna ta shewa. Na saci kallon Gazali, na ga yana murza gefen hannunsa da babban yatsa.

Kunya tana tsakanin uwa da ɗan fari, amma ba ta kai ga jika ba. Jika abokin wasa ne, kaka tana iya gaya masa duk abin da ta ga dama a gaban kowa. Atu ba ta kalli matan ba, ba ta kalli dalbejiya ba. Ta sunkuya kan jaririn, wanzami ya ɗaga askarsa ya jira.

"Kai, angona, ƙyale su da surutu. Ban yi ma kowa dariya a kasuwa ba."

Ta fito da hannunta na dama daga mayafi, ta juya gefensa, ta jera shi da na yaron. Daga inda nake tsugune na hango ɗan tudun a gindin ƙaramin yatsa, lalle ya rine shi baƙi.

"Wanga kaya nawa na. Tsohona ma da shi yaz zo duniya. Ni nib ba ubanka, shi kuma yab ba ka. Cikin ɗiyan da nih haifa duka, shi kaɗai yaɗ ɗauki nawa."

Ba ta ɗaga murya ba, amma tsakar gidan ba ta da girma. Shewa ta tsaya. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Atu, yau kuma?" Atu ta mayar da hannunta cikin mayafi ta ce wa wanzami ya ƙarasa aikinsa, rana na yi.

Da na waiwaya babu kowa jikin dalbejiya. Na wanke hannu na bi shi, na same shi a zaure zaune kan buhun gawayi da sabuwar shaddarsa, ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga. Na zo da tsokana a bakina, ganin malamin kimiyya guda yana kuka a kan abin da ya ce lissafi ya ba shi tun yana kwaleji, amma na haɗiye ta.

"Ka ji?" in ji shi.

Na ce na ji.

"Ɗiyan da nih haifa, tac ce."

Na ce haka ta ce, kuma mata sun fi ashirin a wurin, ban da wanzami da mahauci. Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabarau, ya tambaye ni ko an ware wa maƙwabta nasu naman.

Kada a zaci wani abu ya canza bayan nan. Da za ta koma Jabo ya durƙusa ya yi mata sallama, ta juya wajen bango ta ce a gaya wa mutumin Kebbe ya kula da angonta. An cire wa yaron cindo a asibiti bayan 'yan watanni, ya bar ɗan tabo siriri. Gazali kuwa sunan ɗansa na fari yake kira gatsal a gaban kowa, ya saɓa shi a kafaɗa har bakin masallaci, tsofaffi suna cewa boko ya cinye masa kunya. Atu ta rasu da damina ta zagayo, ba ta taɓa furta sunan Gazali ba har ta koma ga Allah.

Bara na je Tambuwal sayen buhuna, na biya makarantarsu don in karɓi makullin gidansa. Na tarar yana aji, ƙorai biyu a kan tebur, ya ɗaga hannu yana zagayawa. Na tsaya bakin taga kamar da. Wani dogon yaro a layin baya ya miƙe ya yi tambayar da ake yi duk shekara.

Gazali bai duba agogo ba.

"Daga mahaifiyata," ya ce. "Ita da bakinta taf faɗi."